Sayen Jirgin Dogon Zango Na Hannu: Daga Tayi Zuwa Ranar Da Zai Sauka Gida

Sau da yawa haka abin yake farawa. Maigida ya kira ka bayan La'asar, ya miƙo maka waya, ga hoton jirgi fari ƙal, kujerun fata, katako sai sheƙi yake. Ya ce, "Duba min wannan, an ce mai shi a matse yake, zai sallama da araha." Ka ce, "To, ranka ya daɗe." Daga wannan lokacin amanar miliyoyin daloli ta hau wuyanka. Domin kai na rubuta wannan jagora, da kuma duk mai hali da ke son sanin abin da zai tarar kafin ya sa hannu a aljihu.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: fenti da kujera su ne mafi arahar abin da ke jikin jirgi. Kuɗin yana cikin injuna, da tarihin gyara, da takardu. Wanda ya saya don hoto ya yi cinikin biri a sama.

Mataki na farko: ina za a je, kuma su wa za su hau?

Ɗauki takarda ka rubuta tafiye-tafiyen maigida na shekara biyu da suka wuce: daga ina zuwa ina, mutum nawa, sau nawa. Wannan takardar ce za ta zaɓi jirgin.

Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Zuwa Landan kusan 4,500. Daga Abuja zuwa Dubai bai kai 5,500 ba. Duk waɗannan, jirgi matsakaici irin Challenger 605, mai cin zangon kilomita 7,400, zai yi su ba tare da ya yada zango ba. In nan ne iyakar yawon gidan, to ba a bukatar jirgin dogon zango, kuma faɗa wa maigida hakan shi ne aikin alheri na farko da za ka yi masa. Amma in ana zuwa gabashin Amurka daga Legas, tafiyar da ta haura kilomita 8,000, ko ana son tashi daga Kano a dire Gwanzu a ƙasar Sin, wajen kilomita 11,000, to maganar ta koma kan manya.

Sai yawan sa'o'i. Masu harkar kan ce wanda ba ya tashi kusan sa'a 200 a shekara, haya ta fi masa sauƙi. Jirgi na cin kuɗi ko yana ajiye: albashin matuƙa, inshora, kuɗin rumfa, binciken da ke zuwa bisa kalanda ko an tashi ko ba a tashi ba. Babban jirgi irin G550 na kamfanin Gulfstream na shan mai kimanin lita 1,500 a sa'a guda. Riƙe shi shekara ɗaya miliyoyin daloli ne, kuma kusan komai da dala ake biya. Wanda kuɗin shigarsa naira ne ya tuna da abin da ya faru bayan Yunin 2023, lokacin da aka saki farashin naira: dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Kasafin da aka yi kafin nan duk ya rushe.

Mataki na biyu: zaɓen samfuri

Gidaje uku ne ke riƙe da wannan kasuwa.

Gulfstream na birnin Savannah a jihar Jojiya ta Amurka. Jirginsu G550 ya fara aiki a 2003, an daina ƙera shi a 2021 bayan an fitar da fiye da 600. Yana cin zangon kilomita 12,500 da injuna biyu na Rolls-Royce BR710. Yawansa a duniya babbar riba ce ga mai saye: kayan gyara na samuwa, makanikan da suka san shi suna da yawa, matuƙansa ba sa wahalar samu. Ƙanensa G650, wanda ya fito a 2012, ya fi faɗi da sauri, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Bombardier na Kanada na da dangin Global: tsohon Global Express na 1999, da XRS, da Global 5000, da Global 6000 mai cin kilomita 11,100. Su ma BR710 ne a jikinsu. Cikinsu ya fi na G550 faɗi, abin da masu tafiya da iyali ke yabawa.

Dassault na Faransa na da Falcon 7X, wanda ya fara aiki a 2007, mai injuna uku na Pratt & Whitney, zangonsa kilomita 11,000. Ya fi sauran rashin nauyi da tsimin mai, kuma yana iya sauka a gajerun filaye masu wuyar shiga irin London City.

Alƙaluman zango da kamfani ke bugawa na da sharuɗɗa: fasinja kaɗan, yawanci takwas, iska ba ta tare gaba, yanayi mai sanyi, titi mai tsawo. Tashi daga Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ko daga Jos da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, da mutum goma sha huɗu da akwatunansu, lissafi ne dabam. Ka sa ƙwararren matuƙi ya yi maka lissafin ainihin hanyoyinku a mafi zafin wata kafin ka tsayar da samfuri. A ra'ayina, ga wanda wannan ne jirginsa na farko kuma zai ajiye shi a Afirka ta Yamma, samfurin da ya fi yawa a duniya ya fi kwanciyar rai, domin ranar da wani ƙarfe ya lalace a Abuja, tambayar ita ce kwana nawa za a yi kafin sabo ya iso.

Mataki na uku: haɗa mutanenka

Dillalin da ya sa jirgin a kasuwa na mai sayarwa ne, daga gare shi yake cin la'ada. Kana bukatar naka wakilin, wanda kai kaɗai ke biyansa, da yarjejeniya a rubuce cewa ba zai karɓi ko sisi daga ɗaya ɓangaren ba. Akwai ƙungiyar dillalai ta IADA da ke tantance mambobinta, wuri ne mai kyau na fara nema. Ka yi hattara da cinikin da ake jera 'yan tsakiya uku ko huɗu, kowa na cewa shi ya san mai jirgin. A irinsa ne wani ke saye daga mai shi da safe ya sayar maka da yamma, ya cinye bambancin ba ka sani ba.

Sai lauyan da aikinsa ke nan, cinikin jiragen sama tsakanin ƙasashe, da masanin haraji, da injiniyan da ya yi shekaru a kan wannan samfurin takamaimai. A cikinsu duka injiniyan ne ba na yarda a yi tsimi a kansa.

Mataki na huɗu: tace kasuwa

Shafukan tallan jirage irin Controller da AvBuyer na nuna farashin da ake nema, ba wanda aka sallama ba. Wakilinka zai duba bayanan kamfanonin da ke bin cinikin jirage, JETNET ko AMSTAT, da ƙiyasin farashi na VREF ko Aircraft Bluebook, ya gaya maka nawa aka sayar da makamancinsa kwanan nan. Kasuwar na hawa da sauka: bayan annobar korona, a 2021 da 2022, jiragen da ke kasuwa sun yi ƙarancin da ba a saba gani ba, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har wasu suka riƙa saye ba cikakken bincike.

A kan kowane jirgi ka nemi amsar waɗannan a rubuce.

Sa'a nawa ya yi a sama, sau nawa ya sauka? Ana ƙirga su dabam. Jirgin da saukarsa ta yi yawa bisa sa'o'insa gajerun tafiye-tafiye ya yi ta yi, kuma kowane tashi da sauka gajiya ce ga gangar jiki, ƙafafu da injin.

Injunan na cikin tsarin biya-kafin-lalacewa? Wannan tamkar adashe ne: kana zuba wani adadi kan kowace sa'ar tashi, ranar babban gyara kamfanin ya ɗauki nauyi. Na Rolls-Royce sunansa CorporateCare, na Pratt & Whitney ESP, ƙaramin injin wutsiya da ake kira APU kuma yawanci MSP na Honeywell, sannan akwai JSSI mai zaman kansa. Buɗe injin guda a sabunta shi miliyoyin daloli ne. In ka ga jirgi ya faɗo ƙasa da 'yan uwansa a farashi, fara duba nan, sau da yawa a nan arahar ta ɓuya. Ka kuma tabbatar an biya kuɗin tsarin har zuwa yau, kuma ana iya mayar da shi sunanka.

Yaushe babban bincike na gaba? Gulfstream na da na wata 96 da na wata 192. Global na da na wata 120, lokacin da ake kwance ƙafafun sauka a sabunta su. Falcon 7X na shiga babban bincikensa duk shekara takwas. Jirgin da saura masa wata shida ya shiga irin wannan, da wanda ya fito jiya, ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da shekararsu ɗaya.

Ya taɓa haɗari ko bugu? Ko motar jan jirgi ce ta goge fiffike, sai an rubuta, kuma yana rage daraja ranar da kai ma za ka sayar.

Na'urorinsa sun cika sharuɗɗan sararin da za ka ratsa? Amurka ta wajabta ADS-B, na'urar da ke sanar da masu kula da zirga-zirga inda jirgi yake, tun 1 ga Janairun 2020, Turai ma ta bi. Ratsa arewacin tekun Atlantika a tsayin da jirage suka fi bi na bukatar FANS 1/A, wato musayar saƙo a rubuce tsakanin matuƙi da masu kula da zirga-zirga.

Ga kuma wani abu da ke yawan kama mutanenmu. Za a rubuta a talla cewa akwai intanet a ciki. Tambayi wane iri. Jirage da yawa da suka yi rayuwarsu a Amurka na ɗauke da tsarin Gogo mai amfani da turakun ƙasa, wanda da ka bar Arewacin Amurka ya zama kwalliya. Kai na tauraron ɗan'adam kake bukata, irin Jet ConneX ko Starlink, kuma sa shi daga baya aiki ne na makonni da kuɗi masu kauri. Hatta soket ɗin wuta ka duba, don na Amurka ƙarfin wutarsu rabin namu ne. In tafiyar sa'a goma sha biyu ce, sai da wurin da matuƙi na uku zai kwanta ya huta.

Mataki na biyar: tayi da kafin alƙalami

Da ka tsayar da ɗaya, lauya zai rubuta takardar niyya: farashi, inda za a yi bincike, wanda zai biya me, da wa'adi. Kafin alƙalami, wanda kan kama daga ɗaruruwan dubban daloli zuwa miliyan ko fiye, ba ya shiga hannun mai jirgi ko dillali. Kamfanin riƙon amana ake ba wa. Da yawansu a birnin Oklahoma suke, saboda a can ofishin rajistar jirage na FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, yake. Su za su tambayi asalin kuɗinka da ainihin mai saye, kai ma ka tambayi ainihin mai sayarwa, domin tun 2022 akwai jiragen da takunkumi ya hau kan masu su, kuma sayen irinsu jawo wa kai fitina ne.

Daga nan sai cikakkiyar yarjejeniyar ciniki. Kusan kullum za ka ga an rubuta cewa an sayar maka da shi yadda ka gan shi, a inda ka gan shi. Ma'ana, bayan miƙawa babu dawowa da kukan aibi. Kariyarka ita ce sharuɗɗan miƙawa: jirgi lafiyayye mai izinin tashi, dukkan na'urori na aiki, babu tsatsar da ta wuce ƙa'ida, takardu cikakku ba giɓi, babu bashi a kansa. Ka dage a rubuta cewa in bincike bai gamsar da kai ba, kana iya janyewa a mayar maka da kuɗinka.

Mataki na shida: bincike kafin saye

Nan ne cinikin yake tsayawa ko ya watse, don haka zan daɗe a kai.

Kai za ka zaɓi wurin, kai za ka biya. Kada a yi shi a garejin da ya saba gyara jirgin, domin ba wanda zai tona aikin hannunsa. Cibiyoyin kamfanonin da kansu na nan: Gulfstream a Savannah da Farnborough, Bombardier a Biggin Hill kusa da Landan, Dassault a Le Bourget ta Faris. Akwai kuma wasu garejin irin Duncan Aviation a Amurka da Jet Aviation a Basel ta Siwizalan. Aikin kan ɗauki makonni, kuma injiniyanka ya tare a wurin daga ranar farko har ta ƙarshe.

Ana farawa da takardu. Za a shigar da kai wani ƙaramin ɗaki a gefen rumfar, ga kwalaye jere a kan tebur, wani lokaci goma, wani lokaci ashirin. A cikinsu akwai rayuwar jirgin tun ranar da ya bar masana'anta: kowane gyara, sa hannun wanda ya yi shi, takardar shaidar kowane ƙarfe da aka canja. Wasu sassan injin da na ƙafafu suna da ƙayyadadden rai, in sun cika adadin tashinsu sai a cire ko da lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan dole a iya bin sawunsu har zuwa ranar ƙera su. In takardar ɗaya ta ɓace, a idon hukuma ƙarfen ba shi da amfani, sai an sayi wani. Na taɓa zama a irin wannan ɗaki kwana huɗu tare da wani dattijon injiniya. A rana ta uku ya ɗago kai daga wani fayil, ya cire tabarau, ya ce min, "Malam, akwai wata goma sha ɗaya da jirgin nan bai bar sawu ba." Aka bi diddigi, ashe ajiye shi aka yi a fili ba tare da an bi ƙa'idar adana injuna ba. Muka janye. Maigida bai ji daɗi ba a ranar, ya riga ya sa rai, amma kuɗinsa ya dawo cif.

Injiniyan zai kuma gwada abin da ke cikin manhajar bin diddigin gyara, irin CAMP, da abin da ke kan takarda, ya tabbatar an aiwatar da dukkan umarnin gyara na dole da hukumomi suka fitar a kan samfurin.

Sai injuna. Ana zura siririyar kyamara ta wata 'yar kafa, a riƙa juya fanka a hankali, kana kallon kowace ruwa a allo kamar likita na duba ciki. Ana neman tsagewa, ƙuna da zaizaya. Jirgin da ya daɗe a ƙasashen rairayi za ka ga bakin ruwan fankarsa ya zaizaye.

Sai tsatsa, maƙiyin da ba ya surutu. Ka sa a ɗaga daɓen ƙarƙashin bandaki da na kicin, inda ruwa ke tsiyaya shekara da shekaru. A kan alminiyam ba ja take fitowa ba, wani farin gari za ka gani kamar kanwa, fenti ya kumbura a kansa. A leƙa rijiyar tayoyi, da cikin tankokin mai da ke fiffike, da gindin wutsiya. Jirgin da ya zauna bakin teku ya fi bukatar wannan tonon.

Daga ƙarshe a tashi da shi, sa'a biyu ko fiye, a hau can sama inda sanyi ke fallasa abin da ke ɓoye a ƙasa. Kai kuma ka zauna a baya ka taɓa komai: kowace kujera, kowane labule, famfo, murhu, allo.

Rahoto zai fito da jerin aibobi, wani lokaci ɗaruruwa. Kada yawan ya firgita ka, jirgi mai shekara goma sha biyar ba ya rasa su. Bisa al'ada mai sayarwa ke biyan gyaran duk abin da ya shafi lafiyar tashi, kai kuma ka ɗauki na kwalliya. Gardamar kullum a kan iyakar nan take, shi ya sa ake fayyace ta a yarjejeniya tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Mataki na bakwai: rajista, bashi da kwastan

Tun ana bincike lauya zai duba ko akwai jingina a kan jirgin, a ƙasar da yake da rajista da kuma Rajistar Duniya da ke Dublin, wadda aka kafa ƙarƙashin yarjejeniyar Cape Town ta 2001. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar. A duba gangar jirgin dabam, kowane inji dabam, domin ana iya jinginar da inji shi kaɗai.

Sai zaɓen tuta. Rajistar Najeriya na farawa da 5N, ta Nijar 5U. Ta Amurka N ce, kuma baƙo ba ya samunta da sunansa sai ta hannun amintaccen da ke ɗan ƙasa. Akwai M ta tsibirin Man, T7 ta San Marino, 9H ta Malta, P4 ta Aruba. In banki ne ya ba da rance, sau da yawa shi ke faɗin inda za a yi rajista. Kowacce ka ɗauka, ita za ta yanke irin lasin matuƙanka da garejin da aka yarda ya taɓa jirgin.

Rajistar waje ba ta raba ka da hukumomin gida. Jirgin da zai zauna a Najeriya sai ya bi ta kwastan, ko a biya haraji ko a samu izinin shigowa na wucin gadi, wanda ke da wa'adi. Hukumar kwastan ta kira masu jiragen kansu tantance takardu a 2021 da kuma 2024. NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kuma na ba da izinin tashi wanda ba na kasuwanci ba, kuma da shi ba a ɗaukar fasinjan kuɗi. A 2024 ta dakatar da izinin wasu. In ana son jirgin ya riƙa haya yana rage wa kansa kuɗin ci, sai a sa shi ƙarƙashin kamfani mai lasin jigila, a bayyane. Haya ta bayan fage na iya sa inshora ta ƙi biya ranar da aka fi bukatarta.

Mataki na takwas: ranar miƙawa

Wurin miƙawa na iya jawo harajin ciniki ko ya kauce masa, don haka masanin haraji ne zai zaɓe shi. A ranar kowa na kan waya ɗaya: kamfanin amana na riƙe da kuɗi da takardar sayarwa, a saki jinginar tsohon banki, a soke tsohuwar rajista, a shigar da sabuwa, a saki kuɗi. Inshorarka ta fara aiki a daidai wannan minti.

Kafin ka tura ko dala ɗaya, kira kamfanin amanar a lambar da ka sani tun farko, a karanta maka lambar asusu baki da baki. 'Yan damfara na kutse cikin imel su canja lambar asusu ana gobe biya, kuma kuɗin da ya tafi ta nan da wuya ya dawo.

Mataki na tara: kafin ya iso

Matuƙa na bukatar shaidar tuƙa wannan samfurin, daga makarantu irin FlightSafety ko CAE, kuma gurbi kan cika, don haka a kama tun ranar da aka sa hannu a takardar niyya. A samu rumfa, a Abuja, Legas ko Kano, tun jirgin bai taso ba. Zafin ranarmu da ƙurar hunturu ba sa raga wa jirgin da ke kwana a fili, kuma duk lokacin da aka ajiye shi a rufe bakin injuna da ƙananan kafofin na'urori.

Tunda za a riƙa alwala a bandakin, ka roƙi garejin, tun daɓen na buɗe lokacin bincike, su sake like gefunansa da kyau, a kuma ajiye tawul na goge ruwa. Taswirar da ke allon fasinja ana iya saita ta ta nuna alƙibla, ka sa a yi kafin ya baro can.

Kwalayen takardun nan kuwa, kada su taso a cikin jirgin sai an ɗauki hoton kowane shafi an adana a wuri biyu. In sun iso, a sa su a ɗaki mai kulle, nesa da damshi da gara, a kuma naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda zai riƙa shigar da kowace sabuwar takarda a ranar da aka yi aikin.